Rubutu da talla a hannu ɗaya: nazarin lamarin wata marubuciya a Jidda

Lamarin da za a duba a nan na wata marubuciyar ƙagaggun labarai ne, 'yar asalin Kano, wadda aure ya kai ta Jidda, take zaune da mijinta da 'ya'yansu uku a kan iƙamar iyali, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Kafin littafin da ake magana a kansa ta riga ta fitar da biyu ta waya, kuma duka sun karɓu gwargwadon yadda ake auna karɓuwa a wannan kasuwa, wato yawan waɗanda suka biya kuɗi suka shiga zauren WhatsApp domin karantawa. Na ukun ne ya zame mata ƙarfen ƙafa, har ta dakatar da shi a tsakiya, ta mayar wa wasu kuɗinsu, ta sake shi daga tushe. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, da farko ita da na kusa da ita duk sun ɗauka matsalar ta ƙarancin lokaci ce kawai, sai daga baya ta bayyana cewa tallan littafin ya riga ya shiga cikin littafin yana juya akalar labarin.

Sai an fahimci yadda kasuwar take kafin a gane inda ta makale. A zamanin da adabin kasuwar Kano yake tashe, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, marubuci kan kai rubutunsa maɗaba'a da kuɗinsa, ya kwaso littattafan ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, su kuma su rarraba wa masu sari daga Zariya, Sakkwato, Katsina har zuwa Maraɗi da Damagaram. Akwai wahala a wannan tsari, domin kuɗi kan daɗe a hannun dillali, wani lokaci ma ba ya dawowa gaba ɗaya, amma akwai abu guda da tsarin ya kare: mai rubutu daban, mai sayarwa daban. Ko da littafin kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane kashi sai an gama shi kafin mai karatu ya sa ido a kansa. Da rubutu ya koma waya, dillali ya fita daga tsakani, marubuta suka yi murna da hakan, kuma suna da hujjar murnar. Sai dai aikin da dillalin yake yi bai tafi tare da shi ba, a kan marubuci ya sauka. A tsarin yanzu marubuciya kan saki shafukan kyauta a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, idan labarin ya kai inda ya fi daɗi sai ta sanar cewa daga nan littafin kuɗi ne, ta ba da lambar asusu, wanda ya biya ya turo shaidar biya, a saka shi a zauren da aka keɓe. Daga nan kuma ana jiran sabon shafi kullum, ko a ƙalla sau biyar a mako, kuma galibi shafin da za a saki da dare a ranar ake yin taifin ɗinsa. Manhajojin da suka so ɗauke wa marubuta wannan nauyi ba duka suka ɗore ba. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen watan Nuwamba 2023, abin da ya ƙara mayar da mutane ga zauren WhatsApp da lambar asusu.

Duk wannan bai bambanta ta da takwarorinta na Kano ko Kaduna ba. Abin da ya bambanta ta shi ne inda take zaune.

Jidda tana gaban Kano da awa biyu. Masu karatunta, waɗanda mafi yawansu mata ne a Najeriya da Nijar, sukan samu sukunin riƙe waya bayan sallar isha'i, an ci abinci an kwantar da yara, wato tsakanin tara zuwa sha ɗaya na dare. A agogonta wannan shi ne sha ɗaya zuwa ɗaya na dare. A wannan tsakani ne ake turo kuɗi, a nan ake sharhi, a nan ake rigima, kuma marubuciyar da ba a gan ta a zaure a lokacin ba za a ce ta yi watsi da mutanenta. Makarantu a Saudiyya kuwa da sassafe ake shiga, daga Lahadi zuwa Alhamis, saboda haka bayan asuba ba ta komawa barci, sai haɗa karin kumallo da shirya yara. A littattafanta biyu na farko, lokacin da zaurenta bai cika ba, awannin safiya bayan fitar yara su ne lokacin rubutunta, gida shiru, kai a sake. Da zauren ya girma, musamman bayan WhatsApp ta faɗaɗa adadin mutanen da zaure zai iya ɗauka daga 256 zuwa 1,024 a 2022, sai safiyar ta koma lokacin ramuwar barci, rubutun kuma ya koma tsakanin la'asar da magariba, a tsaye a kicin, da babban yatsa.

Ga yadda darenta yake a lokacin da abin ya yi tsanani. Ƙarfe sha biyu ta wuce, tana zaune a kan darduma a falo da wayoyi biyu, ɗaya mai layin Saudiyya, ɗaya mai layin Najeriya wanda alat ɗin banki yake shigowa ta kansa, ga kuma littafin rubutu na 'yan makaranta da take jera sunaye a ciki. Wata ta turo hoton shaidar biya, amma sunan da ke jiki na mijinta ne, ba wanda ke kan lambar da ta yi magana da ita ba, sai an bi alat ɗaya bayan ɗaya an gano shi. Wata ta turo hoton katin waya maimakon kuɗi, lambobin sun dushe ba sa karantuwa. Wata daga Maraɗi tana tambayar nawa ne a sefa, kuma wa za ta tura wa ta Nita, kamfanin aika kuɗi na Nijar. Wata ta turo shaidar da aka riga aka yi amfani da ita jiya, an ɗan goge kwanan watan. A tsakanin waɗannan kuma saƙonni suna ta sauka a zaure: “Anti, shiru yau ba fostin?” “Anti, don Allah a ƙara tsawon shafi, jiya kamar an ɗanɗana mana zuma ne.” Kafin ta rufe littafin sunayen sai ta sabunta sitatus, tun da na jiya ya cika awa 24 ya gushe, sannan ta tura tallan littattafan wasu marubuta uku na ƙungiyarsu, domin ƙa'idar ita ce ki tallata mini in tallata miki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira shi rubutu, amma da an tambaye ta abin da ta kwana tana yi, cewa za ta yi aikin littafi, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda a wurinta yake da fuska biyu. Tun daga Yulin 2017 Saudiyya ta sa haraji a kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo yake riƙe da shi a iƙamarsa, ya fara daga riyal 100 a wata, yana ƙaruwa duk shekara har ya kai riyal 400 a Yulin 2020. Gida mai mata da yara uku ke nan yana biyan riyal 1,600 duk wata kafin a yi maganar haya da makaranta. Mijinta, wanda yake aiki a wani kamfani mai zaman kansa, bai taɓa ɗora mata wannan nauyi ba, amma ita ta sa wa ranta cewa rubutunta zai riƙa ɗauke ko da kason mutum ɗaya. To, riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, ita kuwa naira, bayan an sake ta a Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 750 a kasuwar bayan fage zuwa sama da 1,500 a kan dala ɗaya a Fabrairun 2024. Ma'anar wannan a gidanta ita ce, littafin da take sayarwa naira 500, wanda a da yake kawo mata kusan riyal biyu da rabi, ya koma riyal ɗaya da 'yan kai. Kafin ta haɗa riyal 400 na mutum guda sai mutum 320 sun biya. Ƙara farashi kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, domin masu karatun nata su ne waɗanda tsadar rayuwar take ci kai tsaye. Hanyar da ta rage ita ce ƙara yawan masu saye, ƙara yawan masu saye kuma yana nufin ƙara talla. Wato a daidai lokacin da littafin ya fi buƙatar natsuwarta, lissafi ya tura ta kasuwa.

Littafin kuwa ba irin na baya ba ne. Biyun farko labaran gidan aure ne da ta san lungunsu tun tana yarinya, ko ido rufe za ta iya rubuta su. Na ukun ta gina shi ne a kan wata tsohuwa da ta sani a Jidda, Bahaushiya da iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa tana ƙarama, suka biyo hanyar da alhazan ƙafa suka saba bi, ta Barno da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, da Abeshe, suka shiga Sudan ta Janaina, suka yi shekaru a can suna aikin gona domin tara guzuri, kafin su tsallaka Bahar Maliya. Tsohuwar ta yi mafi yawan rayuwarta a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, irin su Gulail da Karantina da Hindawiyya, inda 'yan asalin Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, har rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi unguwar, ta koma wurin ɗanta a Makka. Marubuciyar ta so ta haɗa tafiyar kaka da rayuwar jikarta, yarinyar da aka haifa a Jidda, take jin Hausa amma ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da ta taɓa ɗaukowa, kuma irin labarin da wanda yake zaune a Kano ba zai iya rubuta shi yadda za ta rubuta ba. Amma labari ne da sai an je an zauna an saurara, tsohuwa kuma ba a yi mata gaggawa. Sai ta fara da ciwon gwiwa, ta bi ta kan tsadar tumatir, kafin ta isa inda ake so.

A ɗaya daga cikin ziyarce-ziyarcen da marubuciyar take kai mata ranar Asabar, tsohuwar ta kai ga daren da suka shiga jirgin ruwa a gaɓar Sudan, wurin da ba ta taɓa yarda ta yi maganarsa ba, domin a nan ƙaninta ya rasu. Ana cikin haka wayar marubuciyar ta dinga ƙugi a kan tabarma, rigima ta tashi a zaure tsakanin masu goyon bayan uwargida da masu goyon bayan amarya, har an fara zage-zage. Ta duba sau ɗaya, ta sake dubawa, ta fara ba da amsa da hannu ɗaya tana cewa, “Ina jin ki, Hajiya.” Tsohuwar ta yi shiru, ta jawo farantin dabino gabanta, ta ce, “'Yata, sallami mutanenki tukuna, ni ba inda za ni.” Da aka ajiye wayar sai hira ta koma kan jikoki, kuma a ranar ba a sake komawa jirgin ba.

Uwargida da amaryar da aka yi rigima a kansu ba sa cikin tsarin littafin na asali, kuma nan ne ainihin abin da wannan nazari yake son nunawa. Da ta fara sakin shafukan kyauta, ta lura cewa duk ranar da shafin ya kasance na tafiyar kaka, zauren kan yi tsit, sai 'yan “Allah sarki” da “mun gode Anti” jefi-jefi. Ranar da shafin ya taɓo jikar da wani saurayi ɗan kasuwa da aka sako shi domin ya kai ta wani wuri ya wuce, sharhi kan yi ta zuba har gari ya waye. Tun da shafukan kyauta su ne tallan littafin, kuma a kansu mutum yake yanke shawarar biya, sai ta ƙara wa saurayin shafi. Masu sharhi suka tambaya ko yana da mata, sai ta ba shi mata. Suka tsani matar, sai ta ƙara mata mugunta domin tsanar ta samu abin ci. Kafin a kai tsakiyar littafin, tafiyar kaka ta koma 'yan layuka a farkon babi, labarin ya zama na kishi a gidan mai kuɗi, irin wanda ta riga ta rubuta sau biyu, sai dai wannan karon an sa masa sunayen titunan Jidda. Ba wanda ya tilasta mata, kuma babu ranar da za ta nuna ta ce yau na canza littafina. Kowane dare ƙaramin gyara ne mai hujja, hujjar kuma a bayyane take a fuskar waya.

Ya kamata a yi wa masu sharhin adalci. Ba laifinsu ba ne, sun biya kuɗinsu kuma sun faɗi abin da yake yi musu daɗi, kuma akwai marubutan da wannan mu'amala ta kai-tsaye take ƙara wa rubutunsu kaifi, musamman a labarin da ginshiƙinsa shi ne jan rai daga shafi zuwa shafi. Matsalar ita ce ma'aunin. Masu yin sharhi a kowane zaure 'yan tsiraru ne idan aka kwatanta da masu karantawa su yi shiru, kuma abin da yake sa mutum ya yi sharhi nan take shi ne fushi ko zumuɗi. Shafin da ya sa mai karatu ya ajiye waya ya yi tagumi ba ya barin wata alama a zaure. Marubuciyar da take auna aikinta da sharhin daren jiya za ta riƙa ganin shafin da ya fi kyau a matsayin wanda ya faɗi, kuma idan tana rubuta na gobe a yau, babu tazarar da za ta ba ta damar gane kuskuren ma'aunin kafin ta yi aiki da shi.

Wani abu na gefe ya ƙara dagula lamarin. Kamar yadda aka saba a littattafan waya, 'yan kasuwa sukan biya a sa musu talla a saman kowane shafi, kuma kasancewarta a Jidda ya sa masu sayar da abaya, turaren wuta, dabinon ajwa da kayan tsarabar Umra suka yi mata caa. Kuɗin tallan wani lokaci ya fi na littafin, sai dai mai talla yana biya ne a kan adadin shafuka, wanda hakan ya sa tsawaita labari ya zama riba, taƙaita shi kuma asara. Ban da haka, a Yunin 2022 hukumar da ke kula da kafafen gani da sauraro a Saudiyya ta haramta wa baƙi mazauna ƙasar da masu ziyara yin talla a kafafen sada zumunta ba tare da izini ba, sannan daga Oktoban shekarar aka fito da lasisin Mawthooq ga masu yin talla, kan riyal 15,000 na shekara uku. Mijinta, wanda bai cika sa baki a harkar rubutunta ba, a nan ya yi magana, ya ce bai ga dalilin da zai sa a jefa iƙamar gida gaba ɗaya cikin haɗari saboda tallan turare ba. Ta daina karɓar tallan, ba da son ranta ba a lokacin.

Abin da ya ba ta damar ganin littafin da idonta shi ne azumin 2024. Al'ada ce a tsakanin marubutan waya a dakatar da fostin a watan Ramadan, kuma masu karatu sun san da haka, ba sa ƙorafi. Da zauren ya lafa, ta tattara shafukan da ta saki ta karanta su a jere, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara. Ta tarar da tsohuwar da ta gina littafin a kanta ta ɓace tun kafin rabi, ta tarar da sunan wata baiwar Allah ya canza a tsakiya ba wanda ya lura, ta kuma tarar da cewa abubuwa uku da ta yi alkawarin warwarewa a farko babu hanyar komawa gare su daga inda labarin ya tsaya. Bayan salla ta rubuta wa zauren cewa ba za ta ci gaba da littafin a yadda yake ba, za ta sake shi, wanda yake son kuɗinsa ya yi magana, wanda zai jira kuma ba zai sake biya ba.

Gyaran da ta yi bayan wannan yana da sassa da suka yi aiki da waɗanda ba su yi ba. Mafi muhimmanci shi ne ta daina sakin abin da ba ta gama ba. Ta rufe kanta ta rubuta littafin har ƙarshe, ta ba wasu mutum biyu da ta yarda da idonsu suka karanta, sannan ta yanka shi shafi-shafi domin saki. Mai karatu yana samun shafinsa kullum kamar da, amma sharhinsa ba ya iya taɓa na gobe, domin na goben ya riga ya bushe. Na biyu, ta raba tallan gida biyu, kuma wannan rabon ya fi kowane jadawalin lokaci amfani. Akwai ɓangaren da aikin akawu ne zalla: karɓar kuɗi, duba shaida, saka mutane a zaure, sabunta sitatus, raba faɗa. Wannan ta miƙa shi ga ƙanwarta, ɗalibar jami'a a Kano, wadda agogonta ɗaya da na masu karatu, a kan wani kaso na abin da ya shigo. Akwai kuma ɓangaren da ba mai iya yi sai ita, wato magana a kan littafin da muryarta, amsa tambayar da ta shafi labarin, ba da tarihin abin da ya sa ta rubuta wani babi. Wannan ta keɓe masa daren Juma'a, domin Asabar babu makaranta a Saudiyya, kuma a Najeriya ma daren hutu ne. Sauran kwanakin zauren a kulle yake, masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin tun fil azal matar da take soya ƙosai a cikin gida ba ita take ɗaukar faranti ta zaga unguwa ba, kuma ba don ta raina tallan ba, sai don idan ta fita kaskon zai ƙone.

Farashin da ta biya ba ƙarami ba ne. Watannin da ta yi shiru tana rubutu, wasu marubutan sun cike gurbin, domin mai karatun waya ba ya zama da hannu rabbana. Wasu daga cikin tsofaffin masoyanta sun ce Anti ta ga riyal ta yi girman kai, yanzu sai an bi ta hannun sakatariya. 'Yan ƙungiyarsu da ta daina tura wa tallansu kullum su ma suka janye nata, kuma ba za a ce sun yi rashin adalci ba, tun da ƙa'idar ke nan tun farko. Ƙanwar ma ba a kwana biyu ba ta fara kuka: “Yaya, mutanen nan ba sa barci, ga jarrabawa ta matso.” Sai da aka rage mata aiki ta hanyar tsayar da karɓar kuɗi zuwa wasu ranaku na mako. Waɗanda suka biya sabon littafin ba su kai na littafinta na biyu ba, kuma tun kafin a gama sakinsa wani ya haɗa shafukan a fayil guda yana rabawa kyauta, abin da ba sabo ba ne a wannan kasuwa. Burinta na ɗauke harajin mutum ɗaya duk wata bai cika ba a wannan shekarar.

Littafin da ya fito kuwa shi ne wanda ta yi niyya tun farko. Ta koma Makka ta bar wayar a jaka, tsohuwar ta ba ta labarin jirgin a zama na uku ko na huɗu, ba tare da an tambaye ta ba. Saurayin ɗan kasuwa ya koma matsayinsa na mai wucewa. Zauren daren Juma'a bai kai na da hayaniya ba, amma tambayoyin sun canza; mutane suna tambaya ko da gaske ana yin shekaru a hanyar Makka, wasu kuma suna ba da labarin kakanninsu da suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, wata ma ta ce a gidansu har yau ana ambaton wani kawu da aka ce ya tsaya a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Irin waɗannan masu karatu suna nan tun farko, su ne masu shirun da aka ɗauka ba sa so.

Akwai wani sakamako da ba ta shirya masa ba. Hausawan da aka haifa a Jidda da Makka da Madina, waɗanda labarin ya fi shafa, mafi yawansu da Larabci suka yi karatu, suna jin Hausa suna maganarta amma rubutun boko ba ya karantuwa gare su cikin sauƙi, saboda haka duk tallan da ta shekara tana yi bai taɓa isa ga maƙwabtanta ba. Da wani mai karanta littattafai a YouTube ya nemi izininta, ta ba shi a kan sharaɗin ya jira a gama sakin littafin, sai sautin ya shiga gidajen da rubutun bai shiga ba. Ta haka ne tsohuwar ta ji shi a wayar jikarta, ta aiko a gaya wa marubuciyar cewa ta yi kuskure wuri biyu: sun riga isa Fashir kafin Ubayyid, ba akasin haka ba, kuma shekarun da suka yi a yankin Jazira na Sudan tsinkar auduga suka yi, ba noman dawa ba. An gyara wuraren biyu a rubutun, amma sautin da ya riga ya yaɗu yana nan da kuskurensa.

Yanzu tana tsakiyar littafi na huɗu, kuma ba ta saki ko shafi ɗaya ba, duk da cewa masu talla biyu sun sake tuntuɓarta, wata marubuciya kuma ta ba ta shawarar ta riƙa sakin 'yan gutsattsari a sitatus don kada a manta da ita. Ta karɓi rabin shawarar, tana sakin abin da ya shafi binciken littafin amma ba labarin kansa ba. Matsalar da ke gabanta ita ce ƙanwar ta kammala karatu tana jiran tafiya bautar ƙasa, kuma inda za a tura ta ba lallai ne a samu wuta da sabis da za su riƙe zaure ba. Wanda za a damƙa wa lambar asusu da sunayen ɗaruruwan matan mutane ba a tsintarsa a hanya, kuma har zuwa lokacin da ake haɗa wannan nazari ba ta tsayar da kowa ba.